Iskar Dutse Ce Ta Kashe Shi? Fashin Baƙi Kan Jalɗar Zuciya Ga Matasa A Tuddan Saudiyya

Bayan Isha'i ne, a zaman gaisuwa a wani lungu na Shara Mansur a Makka. An shimfiɗa dardumai a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino, wanda ya daɗe yana tashi ya ba sabon zuwa wuri. Mamacin bai cika shekara talatin da biyar ba. Direba ne, ya kai kaya Abha, garin da ke kan duwatsun kudancin Saudiyya, washegari da hantsi ƙirjinsa ya riƙe, kafin La'asar rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce jalɗa ce, wato gudan jini ne ya toshe jijiyar zuciya.

Wani dattijo a gefena ya girgiza kai ya ce, "Iskar dutsen nan ce. Tun muna yara muke ji ana cewa ba kowane jiki ke ɗaukar ta ba." Wani matashi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya ja kwana, Baba, to mutanen Abha fa, da aka haifa can suka tsufa can?" Dattijon ya yi jim, sannan ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Kowa ya ce haka ne, aka shafa Fatiha.

Kwana kam ya ƙare, babu mai ja da wannan. Sai dai tambayar yaron ta raka ni har gida, domin shi da dattijon kowannensu ya kamo gaskiya, kowa ta gefensa.

Wanda bai taɓa barin Makka da Madina da Jidda ba yakan ɗauka Saudiyya duk rairayi ce shimfiɗaɗɗiya. Daga Makka kuwa, in ka hau hanyar Hada mai murɗe-murɗe, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci ka isa Ɗa'ifa, wajen mita 1,900 daga doron teku, alhali Makka ba ta kai mita 300 ba, Jidda kuma a bakin ruwan take. In ka bi kashin bayan duwatsun Sarawat ka yi kudu, Baha da Namas da Abha duk sun haura mita 2,000. Abha na wajen mita 2,200, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuma yana wajen 3,000. Don mutumin gida ya gane: Jos da muke kurarin sanyinta wajen mita 1,200 ce. Dutse mafi tsawo a Najeriya baki ɗaya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan mai sayar da shayi a kasuwar Abha yana tsaye ne kusan daidai da ƙololuwar Najeriya. Mutanenmu kuwa suna hawa kullum, direbobi da leburorin gini da masu aikin gida da ɗalibai, ga kuma iyalan da ke gudun zafin Makka da bazara su je su sha iska.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, cewa iskar kan dutse ba ta da oksijin sosai. Kason oksijin a iska ɗaya ne ko'ina, kashi 21 cikin ɗari, a Jidda da Sauda duka. Abin da ke raguwa nauyin iskar ne. A ƙasa iska a danne take kamar audugar da aka cusa a buhu, a sama kuma a sake take, don haka shaƙa ɗaya ba ta kawo abin da ta saba kawowa. A Ɗa'ifa ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar, a Abha kusan rubu'i, a kan Sauda kuma yana neman sulusi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kada ya firgita kowa. Duk wanda ya shigo jirgi daga Kano zuwa Jidda ya riga ya zauna cikin irin wannan iskar, domin ana daidaita cikin jirgi ne kamar tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400. Bambancin shi ne a jirgi kana zaune, ba ka sauke buhunan siminti.

Jiki ba ya zama ya zuba ido. Da ka hau, numfashi zai ƙara sauri, zuciya ta ƙara bugu, hawan jini ya ɗan ɗaga. Cikin kwanakin farko mutum zai lura yana yawan fitsari, ga iskar tudu busasshiya tana kwashe danshi da kowane numfashi, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa. Ruwan da ke cikin jini sai ya ragu. Can kuma ƙoda ta aika wa ɓargo saƙo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, aikin da ke ɗaukar makonni. Yadda ƙwayoyin halittar jiki ke gane oksijin ya yi ƙasa har su ta da wannan shiri, shi ne binciken da ya jawo wa Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019. Sakamakon raguwar ruwan da ƙaruwar ƙwayoyin ɗaya ne: jini yana ƙara kauri, koko yana neman komawa kunu. Ga mai lafiya wannan dabara ce mai kyau, ita ce ma ta sa 'yan gudun Habasha da Kenya ke atisaye a kan tudu.

To ina matsalar take? Tana cikin wata ɗabi'a ta zuciya wadda sauran gaɓoɓi ba su da ita, kuma a ganina wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin zancen.

Tsokar cinya, in mutum yana hutawa, kaɗan take tsinta daga oksijin da jini ya kawo mata, ta bar saura ya wuce. In aiki ya taso sai ta ƙara ɗiba daga wannan rarar. Zuciya ba ta da wannan gatan. Ko kana barci tana tatse kusan kashi 70 cikin ɗari na oksijin da ke ratsa jijiyoyinta. Ba ta da rumbu, kullum hannu baka hannu ƙwarya take. In buƙata ta ƙaru, hanya ɗaya ce gare ta, jijiyoyin da ke ciyar da ita su buɗe, jini ya ƙara kwarara. Jijiyoyin nan ba su da wani girma, manyansu ba su wuce kaurin tsinken shan lemo ba, milimita uku zuwa huɗu. Lafiyayyar jijiya tana iya ninka kwararar sau huɗu ko biyar, shi ya sa matashi mai tsabtataccen bututu zai hau Sauda ya sauko ba abin da ya same shi sai haki. Jijiyar da kitse ya yi wa dandali a bango, ko wadda hayaƙin taba ya ƙona fatar cikinta, ba ta buɗewa yadda ya kamata. A Jidda ba za a gane ba, domin abin da ke wucewa yana isa. A kan tudu an ƙara wa zuciya aiki, an kuma rage mata abinci a lokaci guda.

Jalɗar kanta ba cikewar bututu a hankali ba ce kamar yadda mutane ke zato. Kitsen yana taruwa ne a cikin bangon jijiya, da 'yar fata a kansa, kamar maruru. Wata rana fatar ta fashe ko ta goge. Jini ya ɗauka rauni ne, ya yi abin da ya saba yi wa rauni, ya daskare a wurin. Cikin mintoci hanya ta rufe. Abin tsoron shi ne marurun da ke fashewa sau da yawa ba shi ne babba ba. Yana iya zama wanda bai tare ko rabin hanya ba, wanda bai taɓa sa mai shi haki ba. Shi ya sa ake cewa, "Jiya fa muka yi ƙwallo da shi." Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Saurin bugu da hawan jini da sanyi da kaurin jini, duk abubuwan da tudu ke kawowa, suna iya taimaka wa fashewar da daskarewar. Amma marurun ba a kan dutse aka same shi ba, da shi aka hau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne hujjar yaron nan ta zaman makoki take da ƙarfi. A 2009 an buga wani babban bincike daga Suwizalan, inda aka bi mutum sama da miliyan ɗaya da rabi da ke zaune tsakanin mita 259 da 1,960. Aka ga mutuwa ta ciwon jijiyoyin zuciya raguwa take yi, wajen kashi 22 cikin ɗari a duk ƙarin mita 1,000. Raguwa fa, ba ƙaruwa ba. Da iskar dutse guba ce ga zuciya, da ba a ga haka ba. Ta ɗaya gefen kuma, likitocin sojan Indiya sun daɗe suna ba da rahoton cewa samarin da ake girkewa watanni a tsaunukan Himalaya, sama da mita 3,000 har zuwa 5,000 da ɗoriya, gudan jini ya fi kama su nesa ba kusa ba, a ƙafa da huhu da ƙwaƙwalwa. A maƙwabciyarmu Yaman, wani bincike na 2006 ya kwatanta masu jalɗa na tudu da na bakin teku, ya ga na tudu sun fi ƙuruciya kuma jininsu ya fi kauri. Sai dai Yaman ƙasar gat ce, ganyen nan da ake taunawa don hana barci, da taba, ba a iya ɗora wa tudu laifin shi kaɗai.

In ka jera waɗannan kusa da juna za ka ga ba karo suke yi ba. Mita 2,000 daban, mita 5,000 daban. Wanda aka haifa a tudu yana hawa da sauka a ƙafa daban, wanda mota ta ɗebo daga Jizan ta dire shi a Abha cikin sa'o'i uku daban. Masu bincike a Ostiriya da suka duba mutuwar fuju'a a duwatsun Alps sun ga kusan rabinta a ranar farko take faruwa, galibi ga maza da suka haura talatin da huɗu, musamman waɗanda ba su saba motsa jiki ba ko suka taɓa yin jalɗa, kuma sau da yawa bayan an daɗe ba a ci ba a sha ba. Wannan ranar farkon ita ce ta fi damuna, domin ita ce ranar da direba ke isa bayan kwana a hanya, cikinsa ba komai sai shayi da sigari da gwangwanin abin sha mai hana barci, ya kama sauke kaya nan take don ya juya da wuri.

Sigari kuwa sai an zauna a kanta, domin in aka tara matasan da suka yi jalɗa, a ko'ina a duniya, abin da ya fi haɗa su ke nan. Likitoci kan kira mutum matashi a wannan ciwo in bai kai arba'in da biyar ba. Hayaƙin taba yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa sinadarin da ke dakon oksijin a jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Duk kujerar da ta zauna a kai, oksijin ya rasa ta na sa'o'i. Mashayi ko a Jidda yake tamkar ya ɗan hau tudu ne, jikinsa ma yakan ƙara jajayen ƙwayoyi don cike giɓin. In ya je Abha ya ɗora tudu a kan tudu. Nikotin kuma yana tsuke jijiya, yana sa jini saurin daskarewa. Masu cewa su ba sa shan sigari, shisha kawai, ruwan tulun bai tace musu wannan iskar ba. Gawayin da ke kai shi ne babban mai samar da ita, zama ɗaya kuma yakan kai sa'a guda. Ƙara da al'adar hunturu a garuruwan tudu, a shigo da kaskon gawayi ɗaki ko tanti a rufe ƙofa. Wannan ko ba jalɗa yana kisa da kansa.

Sannan akwai abin da ba a faɗa a zaman makoki. Miyagun ƙwayoyi masu hana barci irin su Captagon da shabu suna matse jijiyar zuciya har ta rufe ko babu kitse ko kaɗan, suna kuma harba hawan jini sama. Mai doguwar tuƙi da aka ba wa ƙwaya don kada ya yi gyangyaɗi yana cikin wannan haɗari, haka mai tauna gat a ɓoye a yankin kudu, haka saurayin gidan ɗaga ƙarfe da ke allurar ƙara tsoka, wadda ke lalata kitsen jini ta kuma ƙara masa kauri. Ban ce mamacinmu ya taɓa ko ɗaya ba, ban san shi da shi ba, Allah Ya jiƙansa. Ina faɗa ne don wanda ya san kansa, in ya tsinci kansa a gaban likita ya faɗi gaskiya, saboda maganin da za a zaɓa masa ya danganta da hakan.

Ita ƙasar ma, tudu da gangare, jalɗa da wuri take zuwa mata. Wata rajista da aka yi a asibitocin Saudiyya tsakanin 2005 da 2007, ta mutum sama da 5,000, ta nuna matsakaicin shekarun masu ciwon 58 ne, wajen shekara goma ƙasa da abin da ake gani a Turai da Amurka, kuma fiye da rabinsu masu ciwon suga ne. Ba banza ba hukuma ta ɗora harajin kashi 100 kan taba da abubuwan sha masu ƙara kuzari a 2017, da kashi 50 kan lemon kwalba. Mu da muka zo muka tarar, mun ɗauki cin kabsa da buros, wato shinkafa da nama da soyayyar kaza, da hawa mota har zuwa ƙofar masallaci, mun ajiye tafiyar ƙasa da gumin gona. Wani babban bincike na ƙasashe 52 da aka buga a 2004 ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 na haɗarin jalɗar farko, kan gaba kitsen jini da taba, sai hawan jini da suga da teɓa da damuwa. Tsayin gari ba ya cikin taran.

Gado ma yana da kasonsa. Kusan mutum ɗaya cikin 250 ana haihuwarsa da kolestarol mai yawa, siriri ne ko mai jiki, mai cin nama ne ko mai cin ganye, kuma irinsu ne ke faɗuwa a shekara talatin da wani abu. Akwai wani nau'in kitse na gado, Lp(a), da ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka, ba ya kuma fitowa a gwajin yau da kullum sai an nema. Hawan jini shi ma yana kama mu da wuri, ba tare da ko ciwon kai ba. Mata matasa ba su tsira ba, wani lokaci bangon jijiyar ne ke yagewa da kansa, an fi ganin haka a ƙarshen ciki da makonnin jego, ga matar da ba ta da suga ba ta da kitse. In mai jego ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, kada a ce mata ruwan zafi ne bai ratsa ta ba.

Wani abu kuma ya shafe mu fiye da yawancin mutanen da ke hawa waɗannan duwatsu, ko da yake ba zuciya yake kamawa ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, suna ɗauke da rabin gadon sikila, lafiyarsu ƙalau, da yawa ba su ma sani ba. A kan tudu, musamman in an haɗa da aikin ƙarfi da ƙishirwa, ƙwayoyin jininsu na iya lanƙwashewa su toshe saifa. Ciwon yana tasowa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, yakan harba zuwa kafaɗar hagu, sai a rantse zuciya ce. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark ya gamu da wannan a 2007 a Denver, garin da ke wajen mita 1,600, bai kai Ɗa'ifa ba ke nan, har sai da aka cire masa saifa. Ba kasafai abin ke faruwa ba, dubban masu AS na hawa su sauko lafiya. Amma wanda ya san jininsa ya gaya wa likita tun a bakin ƙofa, ya rage masa lalube. Mai cikakkiyar sikila kuwa, SS, bai kamata ya shirya tafiyar Abha ko Baha ba sai da shawarar likitansa. Likitocin kudu sun san ciwon sarai, domin yana da yawa a Jizan, ƙasar ma ta wajabta gwajinsa kafin aure tun 2004.

Ƙaramin abin lura: 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin takan nuna 92 zuwa 95 a irin tsayin Abha ga mai lafiya, maimakon 97 ko 98 na Jidda. Bincike a 2020 ya tabbatar takan yi wa baƙar fata ƙari, ta nuna lamba sama da gaskiya. Kuma ko ta nuna 99, wannan bai kore jalɗa ba.

Duk wannan bayani na sababi ne. Abin da ke raba wanda ya tashi da wanda aka yi wa sutura, sau da yawa, sa'o'in da ke tsakanin fara ciwo da isa asibiti ne. Tsokar da aka yanke wa jini tana fara mutuwa bayan minti ashirin zuwa talatin, bayan sa'o'i shida kuma mafi yawanta ta tafi, ba ta dawowa. Matashi kuwa shi ne sarkin jinkiri. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa turmi, gumi mai sanyi a garin da ake rawar ɗari, tashin zuciya, ciwo na bin hannu ko muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, duk zai ce olsa ce ta motsa, ko ƙwannafin hanis ɗin da aka ci jiya. A kan tudu ya sami ƙarin uzuri, ya ce canjin iska ne. To, ciwon hawan tudu da aka sani ciwon kai ne da jiri da rashin barci da ƙin abinci, kuma an fi ganinsa daga mita 2,500 zuwa sama. Danne ƙirji da gumi ba ya cikinsa. In abin ya wuce minti goma sha biyar bai saki ba, zancen madara da kanwa ya ƙare. Mai suga ma ciwon na iya zuwa masa ba zafi, sai kasala da haki da gumi kawai.

Lambar kiran is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar, 997 ce a duk faɗin ƙasar, a yankin Makka kuma, har da Ɗa'ifa da Jidda, 911 ma tana aiki. Rajistar nan da na ambata ta nuna ko ɗaya cikin goma na masu jalɗa ba su zo a motar is'af ba, 'yan'uwa ne ke kawo su, wasu ma su tuƙo kansu. A hanyar dutse mai hazo da kwana-kwana wannan ganganci ne. Abin da ke kashe mutum a sa'ar farko yawanci rikicewar bugun zuciya ne, maganinsa kuma na'urar jan lantarki ce, wadda ke cikin motar is'af, ba ta cikin motar abokinka. Ma'aikatan sun kuma san asibitin da ke da ɗakin ƙasɗara, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu a buɗe toshewar a sa da'ama, wato 'yar ragar ƙarfe mai tokare jijiyar, maimakon a kai mutum mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, a ɓata sa'a guda kafin a tura shi gaba. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi awon zuciya na takarda cikin minti goma da isowa, a buɗe jijiya cikin sa'o'i biyu, in wurin ya yi nisa a ba da allurar narkar da gudan jini. Kafin motar ta iso, a zaunar da shi, kada ya yi tafiya, ya tauna asfirin miligiram 300 in ba ya da rashin jituwa da shi kuma ba ya zubar jini. In ya faɗi ba ya numfashi, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya yayyafa ruwa.

Na san abin da ke ran wasu, domin a cikinmu muke. Iƙama, takardar izinin zama, ta mutu, ko babu ita tun asali, ko ana tsoron kafil, wato ubangidan da ya tsaya wa mutum, ko ana lissafin kuɗin asibiti. Na ji da kunnena ana cewa, "Yaya, bari gari ya waye mu gani." Ba zan raina wannan tsoron ba, na san daga inda ya fito. Sai dai matsalar takarda ana zama a warware ta ko da wuya, ko da ta kai ga komawa gida. Tsokar zuciya in ta mutu babu ofishin da ke sabunta ta.

Sai ƙaho. Da an ce wa mutuminmu jininsa ya yi kauri, wanzami zai nufa, ko gidan hijama. Ban zo in yi jayayya da mai yin hijama don bin sunna ba. Amma abin da ƙaho ke zuƙa daga fata kaɗan ne, ba ya kaiwa ga kitsen da ke bangon jijiya, ba ya narkar da gudan jini, kuma wanda aka sa wa da'ama yana shan magungunan tsinka jini bai kamata ya yarda a tsaga shi ba sai likitansa ya sani. Mafi muni shi ne a ajiye ƙwayoyin saboda an ji sauƙi. Da'amar da aka daina wa magani da wuri tana iya toshewa lokaci guda. Kaurin jinin da gwaji ya nuna kuma tambaya ce da ke neman amsa: taba ce, ko minsharin da ke yanke numfashi da dare, ko allurar tsoka, ko ciwon ɓargo? Tudu shi kaɗai a tsayin Abha ɗan ƙari yake yi, ba mai yawa ba.

Ga wanda aiki ko hutu zai kai shi sama, abin yi bai da tsada. Ranar farko da ta biyu a tafi a hankali, a bar ɗaukar kaya mai nauyi da hawan dutse a guje sai jiki ya daidaita. A ci abinci, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, a yi barci kafin a kama aiki. Mai hawan jini ya tafi da maganinsa da abin awonsa. Wanda ya taɓa yin jalɗa ko aka sa masa da'ama, shawarar da ƙwararrun Turai suka fitar a 2018 ita ce ya jira aƙalla wata shida kafin ya haura mita 2,500. Ɗa'ifa da cikin garin Abha ba su kai nan ba, Sauda ta wuce.

Ranar addu'ar uku na sake komawa gidan. Na sami ƙanin mamacin a waje, shi ma direba, kwalin sigari na leƙowa daga aljihun jallabiyarsa. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa rasuwa haka a danginsu. Ya yi tunani ya ce mahaifinsu, a Kano, yana da arba'in da 'yan kai, yana alwala ya kife. Aka ce iska ce ta buge shi. Kano kuwa ko mita 500 ba ta kai ba. Uba ko wa da ya yi jalɗa kafin hamsin da biyar, ko uwa ko ya kafin sittin da biyar, dalili ne da likita zai sa a auna duk 'yan ɗakin. Na ce masa ya je a duba masa kolestarol da suga da hawan jini, ya kuma tafi da ƙannensa mata biyu. Ya ce, "To Kawu, in sha Allahu bayan bakwai." Na ce gobe da safe mustausaf ɗin unguwa a buɗe yake, zan biyo in ɗauke shi ƙarfe takwas, kada ya karya kumallo.